Farautar elk a Kolorado: daga lasisi har zuwa kilishi

Tun ranar da na kai kilishi masallacinmu bayan sallar Juma'a, aka ci, aka tambayi naman mene ne na ce na elk ne, ban huta da tambaya ba. Wannan yana son sanin inda ake sayen bindiga, wancan nawa ne lasisi, wani kuma cewa yake baɗi ƙafata ƙafarsa. Har yau babu wanda ya tambaye ni yadda naman ya baro kan dutse ya iso gida bai lalace ba, alhali nan ne aikin yake. Shi ya sa na ga gara in zauna in ba da labarin yadda tawa ta kasance, wanda yake da niyya ya san abin da zai tarar.

Wanda bai taɓa ganin elk ba ya ƙiyasta gwanki, sai dai ita dangin barewar ƙasashen sanyi ce. Namijin yana da ƙaho mai rassa kamar busasshen itace, yana zubar da shi kowace shekara wani ya tsiro. Macen ba ta da ƙaho, kuma babbarta takan kai kilo 225. Namiji ya wuce kilo 300. Jihar Kolorado, inda nake zaune, ta fi kowace jiha a Amurka yawansu, wajen dubu 280 ko fiye. Abin mamaki, a wajajen 1910 waɗanda suka rage a jihar ba su wuce dubu ɗaya ba, an kusa ƙarar da su da harbi. Doka ce ta dawo da su, da kuɗin lasisin mafarauta, da harajin bindigogi da harsasai da aka ware wa kula da namun daji tun 1937. Duk lokacin da na tuna cewa gwankin da kakanninmu ke ba da labari yanzu sai mutum ya je irin su Yankari kafin ya gan shi, nakan daina jin haushin yawan takardun da ake cikawa a nan.

Ni ɗan gidan fawa ne, a Funtuwa aka haife ni. Tun ina ɗan shekara tara nake riƙe wa mahaifina ƙafar sa idan yana fiɗa, saboda haka wuƙa da nama ba baƙina ba ne. Amma a kwata akwai daɓen siminti, akwai ruwa, akwai hannaye goma, kuma kafin azahar nama ya bar hannunka. A kan dutse babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wanda ya shigar da ni harkar wani dattijon Bature ne da muke aiki tare, ya fi shekara arba'in yana farauta. Baba nake ce masa, ya kuma saba da sunan. Abin da ya fara tura ni in yi shi ne kwas na koyon ƙa'idojin farauta. A Kolorado duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau ba ya samun lasisi sai da katin wannan kwas. Na yi karatun ta intanet, na je aji na yini ɗaya, aka gwada mu harbi, aka ba ni kati. Game da bindiga, mai girin kad, wato takardar zaman dindindin a Amurka, yana iya mallaka kamar ɗan ƙasa, amma wanda yake kan bizar karatu ko ta ziyara dokarsa daban ce, ya bincika da kyau kafin ya taɓa ta. Jihar ba ta yarda a harbi elk da ƙaramar bindiga ba: faɗin harsashi kada ya gaza milimita 6, kuma ya zama irin mai buɗewa idan ya shiga jiki. Ni .30-06 na saya ta hannu, da madubinta. Wata uku ina zuwa filin koyon harbi duk Asabar, a zaune, a durƙushe, a kwance, har na san cewa iyakata mita 200 ce. Abin da ya wuce haka ba nawa ba ne, ko da dabbar ta tsaya tana kallona.

Hukumar da ke kula da namun daji, Colorado Parks and Wildlife, ta yanka jihar gunduma-gunduma, kowace da lambarta. Wasu lasisin a kanti ake saye kai tsaye, wasu kuma sai an cika takarda a farkon Afrilu an jefa ƙuri'a. Na mazaunin jiha bai kai dala 100 ba, na baƙo ya ninka shi fiye da sau goma. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya nemi lasisin mace. Sun fi yawa, namansu ya fi laushi, ba ka da ruwa da ƙirga rassan ƙaho don ka san ko ya halatta a harba, kuma nama ka zo nema. Sai kuma tufafi: dole mai bindiga ya sa riga da hula masu launin ruwan lemo mai ƙyalli, ko ruwan hoda, da ba su gaza inci murabba'i 500 ba. Idon elk ba ya ganin wannan launi yadda namu ke gani, amma ɗan'uwanka mafarauci da ke can ƙetaren kwari yana hango ka. Ka kuma sauke taswirar da ke nuna iyakar filayen mutane a wayarka, domin a jihar nan mai fili ba dole ne ya kafa shinge ko allo ba, kuma in ka shiga ba izini ka yi laifi.

Shekarar farko hannu rabbana na dawo, kamar yadda kusan huɗu cikin biyar na masu lasisi suke dawowa. Kwana biyar ina hawa ina sauka, sawu da kashi kawai na gani. Abu biyu na tsinta a wannan fita. Na farko, tsayin wurin ba wasa ba ne. Denba, babban birnin jihar, tana kan mita 1,600, amma inda muke farauta ya doshi mita 3,000, numfashi ba ya isa, kai yana sara. Sai ka zo da kwana ɗaya ko biyu kafin a buɗe farauta, ka yi ta shan ruwa ko ba ka jin ƙishi. Na biyu, kayan auduga ba na dutse ba ne. Suna shan gumi, in ka tsaya su yi sanyi ƙarara a jikinka. Na ulu ake sawa.

Shekara ta biyu ƙuri'a ta faɗo mini, lasisin mace, a zangon farko na masu bindiga, tsakiyar Oktoba. Kafin mu tashi na je wurin limaminmu na tambaye shi hukuncin abin da aka harba. Ya karanto mini hadisin Adiyyu ɗan Hatim a kan farauta, ya ce in ambaci sunan Allah a daidai lokacin da zan saki harsashi. In na tarar da ita ta cika sakamakon harbin, ta halatta. In na tarar da sauran rai, wajibi ne in yanka. Ya ƙara da cewa wuƙar ta kasance a ƙuguna, kada in bar ta a ƙasan jaka har dabba ta mutu ina lalube. Na yi wa Baba wannan bayani tun muna gida, don kada mu zo muna gardama a kan dabba. Ya ce ya ji, sharaɗinsa ɗaya ne: in tana da ƙarfin shuri, sai an ƙara mata harsashi kafin in matsa, domin kofaton elk yana karya ƙafar mutum.

Mu uku muka tafi, ni da Baba da ƙanin matata, wanda ba shi da lasisi, ɗaukar kaya ya zo yi. Muka bi babbar hanya ta 70 yamma har garin Rifle, muka karya arewa zuwa Meeker, daga nan muka shiga dajin gwamnati na White River, gefen tsaunukan Flat Tops. A bayan mota akwai manyan kuloli biyu cike da gorunan ruwa da na daskarar tun mako guda, da buhunan yadi biyar na zuba nama, da igiya, da shimfiɗar leda, da wuƙaƙe uku da dutsen wasawa. Ƙanin matata ya ce, "Yaya, ba a kama komai ba mun cika mota da ƙanƙara?" Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya.

Farautar da na sani a gida ta gayya ce: ganga, karnuka, gora, ihu, wani lokaci har a sa wa daji wuta. Wannan kishiyarta ce. Shiru ake yi, kuma iska ake bi. Elk za ta iya jin motsinka ta share, za ta iya hango ka ta tsaya tantama, amma in ta sansano ka, garken gaba ɗaya ya bar maka dutsen. Da asuba da kuma bayan rana ta yi sanyi, iska gangarowa take daga sama zuwa kwari. In rana ta ɗaga ta gasa ƙasa, sai ta juya ta riƙa hawa. Saboda haka da safe ta ƙasa ake tunkarar su. Baba yana da 'yar kwalba mai farin gari da yake matsawa ya ga inda iska ta nufa, yadda maharban ƙauyen kakana suke yi da toka. Da dare elk suna kiwo a fili, gari na wayewa su shige duhun itatuwa a gangaren da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta duka, su kwanta. Damarka tana cikin awa ɗaya ta farkon yini da awa ɗaya ta ƙarshensa. Doka ta ba ka daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Muna tashi ƙarfe huɗu, in ɗumama ruwan alwala a kan risho, mu kama hawa da fitilar goshi, in yi asuba a hanya.

Kwana uku muka yi a haka. Ran na uku da yamma Baba ya hango garke da tabarau can nesa, ya ce mu ƙyale su. Na ce don me? Ya nuna mini kwarin da ke tsakaninmu da su, ya ce in ka harba a can, kilomita bakwai ne zuwa mota, kuma cikin yankin da doka ta hana shiga da duk wani abu mai taya ne, ko da baro. Mu uku ba za mu fitar da ita kafin ta lalace ba. Raina bai so ba, amma maganarsa gaskiya ce. Kafin ka ɗora yatsa a kan kunama ka fara lissafin hanyar komawa da kilo ɗari a baya.

Ran na huɗu, wajen biyar da rabi na yamma, muna zaune a bakin wani fili mai ciyawa, kilomita uku daga mota, sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Bakwai na ƙirga. Na kwanta, na ɗora bindiga a kan jaka. Baba ya raɗa mini cewa mita 170 ne, in bar ta gaba domin ɗanta na biye da ita, in jira ta uku ta ware daga sauran don kada harsashi ya ratsa ya sami wata. Zuciyata tana bugawa har cikin kunne. Ta ware, ta ba ni gefe, ta sunkuya tana kiwo. Na saita bayan kafaɗa kaɗan, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, inda huhu yake. Na ce Bismillahi Allahu Akbar, na danna.

Ta zabura, ta yi gudun da bai wuce mita hamsin ba, ta faɗi a kan idonmu. Da ta shige daji, ƙa'idar mafarauta ita ce a dakata kamar rabin awa kafin a bi jini, domin in ka matsa mata da wuri za ta tashi ta yi nisa. Jini mai kumfa, ja mai haske, na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Mai duhu na hanta ne. In ka ga kore-kore da ɗoyi, tumbi ka samu, jiran zai yi tsawo. Ni Allah ya sauƙaƙa mini. Muka zagayo ta bayanta, na tarar tana numfashin ƙarshe, ba ta iya ɗaga kai. Na kama, na yanka. Na daɗe a durƙushe hannuna a kan wuyanta, jikina yana rawa. Na yanka dabbobi da yawa a rayuwata, amma wannan ni na je har gidanta.

Baba bai bar ni na daɗe ba. Ya ce in cire takardar da ke jikin lasisi in sa hannu, sannan ya dubi agogo ya ce saura minti arba'in duhu ya rufe.

Jikin elk yana da zafin kusan digiri 39, kuma fatarta bargo ce da aka halitta don ta tsare wannan zafi a cikin dusar ƙanƙara. Bayan ta mutu ma aikin da fatar take ci gaba da yi ke nan. Mutane suna ruɗuwa da sanyin dare, su ce a bari sai da safe. Ko a kan ƙanƙara ta kwana, gefen da ke ƙasa da wuya da zagayen ƙashin cinya za su yi tsami kafin gari ya waye, domin daga ciki ruɓar take farawa, daga jikin ƙashi. Mahaifina yakan ce zafi da ƙasa da lema su ne abokan gabar nama. Abin da Baba ya faɗa a daren nan ke nan da nasa harshen. Burinka shi ne nama ya sauko ƙasa da digiri 4 da wuri, ya bushe a waje, ya zauna da tsabta.

A gida rataye dabba muke yi ko mu kwantar da ita rigingine mu farke ciki. Mutum uku ba sa rataye kilo 225 a kan gangare. Sai muka bi hanyar da ba a buɗe ciki sai a ƙarshe. Tana kwance a gefe ɗaya, muka ɗaure ƙafa ɗaya a jikin itace don kada ta gangara. Na tsaga fata a bin gadon baya tun daga ƙeya har gindin wutsiya, kaifin wuƙa yana kallon sama. Wannan yana da muhimmanci: in ka yanka daga waje zuwa ciki, gashi kake yankawa, kuma gashin elk in ya manne a nama sai ka yi kwana kana tsincewa. Na feɗe gefen sama gaba ɗaya, na shimfiɗa fatar ta zama mana faranti.

Ƙafar gaba ba ta da wahala, ba gaɓar ƙashi ce ta riƙe ta ba, tsoka ce kawai. Ƙanin matata ya ɗaga, na bi ta ƙarƙashin allon kafaɗa, ta fita. Cinya ce mai aiki. Sai ka bi jikin ƙashin ƙugu a hankali har ka tarar da gaɓar nan mai kamar ƙwallo, ka yanke jijiyar da ke riƙe da ita, kana kaffa-kaffa da tsinin wuƙa domin tumbi da mafitsara suna nan kusa, kuma ciki ya riga ya fara kumbura. A cinya ɗaya na bar wani yanki na hantsa a manne, saboda doka ta ce shaidar jinsin dabba ta kasance a jikin naman har ka kai gida. Kowace cinya na tsaga ta ciki har ƙashi don zafi ya sami hanyar fita. Daga nan na zare doguwar tsokar gadon baya, na kwashe naman wuya, na bi tsakanin haƙarƙari. Akwai wata tsoka mai laushi da ke manne da ƙashin baya ta ciki. Ta bayan haƙarƙarin ƙarshe ake zura hannu, a danne tumbi da tafin hannu ɗaya, a ɓanɓaro ta da ɗaya. Sannan muka juya ta, muka maimaita. A ƙarshe na buɗe na ciro zuciya da hanta. Wurin da harsashi ya bi na yanke da faɗi na zubar, saboda daskararren jini da ɓurɓushin dalma.

Dokar jihar ta haramta barin ƙafafu huɗu da tsokokin baya a daji. Ni dokar gidanmu ta fi wannan tsanani, saboda haka har abin da ke tsakanin haƙarƙari ban bari ba. Baba ya tsaya yana haska mini, ya ce bai taɓa ganin an bar ƙashi fes haka ba. Ya ciro mini haƙora biyu na sama, waɗanda suke kira hauren elk, ya sa mini a aljihu.

Awa uku da rabi muka yi. Kowace ƙafa ta shiga buhunta na yadi, mai barin iska ta ratsa ya kuma tsare ƙuda. Leda ba ta taɓa nama mai ɗumi, gumi take sa shi. Muka kwashe buhunan zuwa wani kurmi kusa da rafi, nesa da gawar da kamar mita ɗari, domin in beyar ko dilan wurin sun zo, kayan ciki za su fara nufa. Muka gicciya sanda tsakanin itatuwa biyu, muka rataye. Na bar rigata mai gumi a wurin don warin mutum. A daren muka sauko da tsokokin baya da zuciya da hanta da ƙafar gaba ɗaya. Sha biyu ta wuce kafin mu ga tanti.

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Buhu biyar na zo da su, huɗu sun tafi ga ƙafafu. Tsokokin baya na naɗe su a wani tsabtataccen ƙyalle, sai na tattara naman wuya da na haƙarƙari da duk gutsattsari, wajen kilo goma sha takwas, na dunƙule a buhu na biyar na rataye. Daren ya yi sanyi har ruwan gora ya daskare, na kwanta hankalina kwance. Washegari muka yi sawu biyu, kowa da kaya mai nauyi a baya, muna dogara sanda a gangare, gwiwa tana kaɗawa. Buhu na biyar shi ne na ƙarshe da muka ɗauko, wajen azahar, rana ta fara zafi. Da na kwance shi a bakin mota, wajen ya yi sanyi ƙalau, amma da na zura hannu tsakiya sai na ji ɗumi, wani tsami ya bugi hancina, launin ya fara komawa kore. Dunƙulen ya yi girma, sanyi bai ratsa shi ba. Na baje shi a kan shimfiɗa, na yanke duk abin da na yi shakka a kansa. Kilo uku ko fiye suka tafi. Na ɗauki ran dabba da sunan Allah, sannan na bar wani yanki nata ya zama abin zubarwa saboda buhu ɗaya da ban saya ba. Naman da aka cire wa ƙashi a raba shi kashi-kashi, ko a baje shi a kan sanduna ya sha iska ya huce kafin a tara shi.

A cikin kula gorunan ƙanƙara suna ƙasa, nama yana sama, ba ya taɓa ruwa. In da ƙanƙarar kanti za ka yi amfani, ka bar magudanar kular a buɗe. Kan dabbar ma mun sauko da shi, amma ba don farfesu ba. Akwai wata cuta da ake kira CWD, mai cinye ƙwaƙwalwar barewa da elk har su rame su mutu. A nan Kolorado aka fara gano ta, a 1967, a wata cibiyar bincike kusa da Fort Collins. Ba ƙwayar cuta irin wadda wuta ke kashewa ce ke kawo ta ba, wani gurɓataccen furotin ne da dahuwa ba ta yi masa komai. Ba a taɓa tabbatar da ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman dabbar da aka same ta da ita. Mu da muka tashi da farfesun kai da tsotsar laka, wannan sai mun danne zuciya: ƙwaƙwalwa, laka, idanu, saifa da kaluluwa duk a bar su, kuma kada a sa zarto a ƙashin baya. Na kai kan ofishin hukumar a kan hanyarmu ta dawowa, suka ɗebi abin gwaji. Har sakamako ya fito babu cutar, ba wanda ya ɗanɗana ko tsoka ɗaya a gidana, duk da yara sun dame ni.

Kafin nan naman ya yi kwana bakwai a wani tsohon firji da ke garejina, na cire katakan ciki, sanyi tsakanin digiri 1 da 3. Wannan hutun yana sa tsoka ta saki. Akwai masu sana'ar gyara naman farauta, ka kai musu su yanka su ƙulla maka. Musulmi ya buɗe ido a nan. Naman elk ba shi da kitse, saboda haka da yawansu kitsen alade suke haɗawa idan za su niƙa, wasu kuma suna haɗa naman mutane da yawa a niƙa ɗaya. In za ka kai, ka yi tambaya filla-filla. Ni a teburin kicin muka yi namu, ni da maiɗakina, kwana biyu. Muka bi kowace tsoka ta saɓarta, muka feɗe farar yanar da ke kanta, muka cire kitsen elk ɗin domin yana daskarewa a baki kamar kyandir. Wanda za a niƙa muka haɗa shi da kitsen sa daga shagon halal, kashi ɗaya cikin goma. Muka ƙulla a ledar da ake zuƙe wa iska, kowace da sunan yanka da kwanan wata. Da na auna, tsoka zalla kilo 72.

Wajen girki, wanda ya saba da naman sa zai fara ɓata na elk. Tsokar baya minti kaɗan take so a wuta mai ƙarfi, in ta wuce haka ta zama igiya. Tsire ya yi kyau da ita in an shafa mai sosai. Wuya da ƙwauri kuwa su ne na miya da farfesu, awa uku a wuta kaɗan-kaɗan har jijiya ta narke. Maiɗakina ta yi dambun nama da kafaɗa, ya fi wata biyu muna ci da shayi. Niƙaƙƙe dole ya dahu har ciki, digiri 71.

Cinya ɗaya gaba ɗaya kilishi na yi da ita, kuma ban taɓa samun naman da ya dace da kilishi kamar wannan ba, domin babu kitsen da zai sa shi maƙaƙi. Na sa tsokar a firiza ta ɗan ƙame don ta yanku, na shimfiɗe ta fale-fale yadda na ga ana yi tun ina yaro. Ranar Nuwamba a Kolorado ba ta busar da nama kamar ta gida, sai na jera a tanda a wuta mafi ƙanƙanta, na bar ƙofar a ɗan buɗe. Na dama labu da garin ƙuli-ƙuli, citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa da gishiri, na tsoma, na sake busarwa, sannan na gasa a kan garwashi har ya yi zafi sosai. Baba na fara kai wa, da tsokar baya guda, domin shi ya nuna hanya. Ƙanin matata ya ɗauki rabonsa na ɗaukar kaya. Maƙwabta suka samu, sauran na kai masallaci.

Da Afrilu ta zagayo na sake cika takardar ƙuri'a. Na kuma sayi ƙarin buhu uku, suna cikin jakar farauta tare da igiya da dutsen wasa wuƙa.